Shingen Tazargade

'Yar dawa na fara gani, kamar cikin tafin hannu, an zuba ta a gindin wata shuka a layin da ke bakin hanya. Na tsuguna ina kallonta, ina tunanin ko buhun wani ne ya huje. Da na ɗaga kai sai na ga an karye kan shukar, an tafi da tohon nan mai laushi. Gaba kaɗan ga wani gindin da ƙwayar gyaɗa uku, shi ma an cire masa kai. Na san abin da wannan yake nufi, sai dai ban so in sani ba.

Gonar ta Baba ce, a Vimtim. Tana gangarawa zuwa mayo, rafin da unguwarmu ke ɗiban ruwa, hanyar mata kuma ta bi ta gefenta. Ita ce take cika rumbun masarar gidanmu tun kafin a haife ni. Ni kuwa shekara shida na yi ina tuƙa keke mai ƙafa uku a Lokuwa, cikin garin Mubi, takardar difloma ta aikin gona tana ƙarƙashin katifa tana shan zafi. A cikin keken na haɗu da wani mutum daga Yola mai haɗa ganyen shayi na magani a 'yan fakiti. Hira ta kai mu ga tazargade, ganyen nan mai ɗaci da ake dafawa don zazzaɓi. Ya ce daga nesa ake kawo masa, in da zai samu mai noma masa a kusa da ya huta. Kafin ya sauka ya ba ni iri a ƙullin leda, bai kai ƙullin gishirin miya ba, ya kuma gindaya mini sharaɗi.

"Oga, ka ji da kyau," in ji shi. "Buhu shida nake so, busasshe. A yanke shi yana kore shar kafin ya yi fure, a shanya a inuwa. In ya yi fure kwaliti ya tafi. In kuma bai kai shida ba kada ma ka kira ni, mota ba za ta hau hanyar Mubi saboda buhu biyu ba."

Sai da na yi wata guda ina bin Baba kafin ya saurare ni. Ranar da ya amince, a gaban yayana ya yi maganar, wanda muke kira Hamma kamar yadda ake kiran babban wa a wajenmu. Ya ce damina ɗaya ya ba ni. In abin da na sayar ya sayi masarar da gonar ta saba bayarwa, gonar ta zama tawa. In bai saya ba, ta koma hannun Hamma, kada kuma in sake tayar masa da zancen. Hamma ya dubi ƙullin ledar da ke hannuna ya kawar da kai. Washegari na mayar wa mai keke makullinsa.

Na sha dariya a wannan shekarar. Irin tazargade kamar ƙura yake, ba a binne shi, barbaɗa shi ake yi a kan ƙasa mai laushi a yi ta yayyafa ruwa. Mutanen da suka saba jefa masara a rami su take da dunduniya suka riƙa tsayawa suna kallona ina tsugune a kan kwandon reno, ina fesa ruwa da baki kamar mai guga. Matata ma ta ce ko jaririnta ban yi wa wannan hidimar ba. Amma da na dasa, ruwa ya zauna, abin ya tashi. Zuwa watan Agusta ya kai mini ƙirji, ƙamshinsa yana tarar mutum tun daga hanya. Masu dariya suka koma tambaya.

Nan bakina ya ja mini. A teburin mai shayi, a ƙofar masallaci, duk inda aka tambaye ni sai in gyara zama in ce ai wannan shi ne uban maganin zazzaɓi, daga cikinsa ake fitar da ƙwayar da ake bayarwa a asibiti. Ina faɗi ina jin daɗin kaina. Ban tsaya na tuna cewa tsakiyar damina muke ba, lokacin da babu gidan da ba a kwantar da wani ba.

A wajenmu magani ba na mai gona ba ne. Duk wanda yake da majinyaci yana da ikon shiga inda ganyen yake ya ɗiba, ba ya neman izinin kowa. Da sassafe yake fita, ba ya gaida mutum, ba ya amsa gaisuwa, har sai ya shiga gida da ganyen a hannunsa. In ya buɗe baki a hanya maganin ya karye, sai ya zubar ya jira wata safiyar. Kuma ba ya ɗiba haka kawai, sai ya bar wa shukar wani abu a gindinta, ko dawa, ko gyaɗa, ko ɓarin goro. Musulminmu da Kiristanmu duk haka suke yi. Na sha ganin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta dawo da ganye a gefen zane tana yi mana nuni da hannu mu ba ta hanya. Duk na san wannan. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne wata rana ni ne zan zama mai gonar.

Cikin mako biyu layi uku na bakin hanya suka zama gundul. Kowace safiya in na zo sai in tarar da sabuwar dawa da sabon gurbi. In tsaya in auna da ido: wannan ya kai rubu'in buhu, wancan ya kai rabi. Abinci ya daina yi mini daɗi. Har Hamma na zarga, na ce shi yake turo su don gonar ta dawo hannunsa. Na faɗa masa haka a tsakar gida, a gaban matansa. Ya dube ni ya ce, "Kai dai ka sha ruwa ka zauna." Wannan amsar ta fi zagi ƙona mini rai.

Wata safiya ina idar da sallar asuba na wuce gona, na shige tsakiyar shukar na tsuguna. Gari na fara haske suka zo. Mata huɗu ne, ɗaya bayan ɗaya, babu mai magana da wata. Kowacce ta tsuguna ta ajiye abin da ta kawo, ta miƙe ta karya kai biyu ko uku, ta juya. Ta ƙarshensu ita ce ta daɗe, domin ba ta gani sosai, sai da ta shafa. Tsohuwar maƙwabciyarmu ce, 'yar duwatsun Michika da aure ya kawo ta unguwarmu tun tana yarinya. Aminiyar mahaifiyata ce, Mama muke ce mata mu duka. Ranar Kirsimeti daga tukunyarta muke cin shinkafa, ranar Sallah ita ke kama wa mahaifiyata suyar nama. Lokacin da mahaifiyata ta yi jinyar ajali, ita ce take juya ta.

Na fito daga cikin shukar na sha gabanta.

"Mama, ina kwana?"

Ta dube ni, ta ɗaga ganyen da ke hannunta don in gani, ta yi mini nuni in kauce.

Na san dalilin shirunta sarai. Amma a wannan lokacin zuciya ta riga ta ɗebe ni, shirun nan sai na ji shi kamar raini. Na ce, "Magana nake yi miki. Gonar nan da mai ita. Kun san wahalar da na sha a kanta? Dawa cikin hannu ce za ta ciyar da gidanmu?" Ta sake yin nuni, ta nemi ta raɓa ta gefena. Sai na kai hannu na fizge ganyen.

Har yau ina jin yadda ya fita daga hannunta ba tare da ta riƙe ba. Ta tsaya tana kallon tafinta. Sannan ta buɗe baki.

"Ɗana, ka sa na yi magana." Har yau Hausarta ba ta raba mace da namiji. "Jikana ya kwana uku jikinsa wuta, yarinyan ko kunu ba ya sha. Ka riƙe abinka. Ko ka ba ni yanzu ya riga ya karye."

Ta juya ta kama hanya. Sauran matan uku suna tsaye can gaba, sun ga komai, kuma ba mai iya cewa komai saboda ganyen da ke hannunsu. Wannan kallon nasu na shiru ya bi ni har gida.

Mai hankali da a ranar zai je ya durƙusa. Ni adda na ɗauka. Kwana biyu na yi ina saran ƙaya a bakin mayo ina jawowa, na kewaye gonar kaf, na bar 'yar ƙofa ɗaya da nake ɗaurewa da waya. Hannuwana duk suka yi jini, ina ta gaya wa kaina cewa haƙƙina nake karewa. Da yammar rana ta biyu Baba ya zo da sandarsa ya tsaya a hanya. Ya daɗe yana kallon shingen.

"An kai yarinyar asibiti jiya," ya ce. "Sun ba ta magani, ta fara shan ruwa."

Na ce alhamdu lillahi, kuma har cikin raina na faɗa, domin kwana biyun nan ban yi barcin kirki ba.

"Na ga an yi wa rogo shinge saboda awaki," in ji Baba. "Ban taɓa ganin an yi wa magani ba. Ka je ka ba uwarka haƙuri."

Na ce to. Ban je ba. Na ce a raina bari in girbe tukuna, in na sayar sai in je mata da turmin zane, haƙurin ya fi armashi.

Ɗiba ta tsaya cak. Babu dawa, babu gyaɗa. Gaisuwa ma ta ragu. Mata in sun hango ni a hanyar mayo sai su gyara tulu su dubi gefe. Mai shayi ya riƙa miƙo mini kofi ba tare da tsokanar da ya saba ba. Na ce ko a jikina, kowa ya riƙe gaisuwarsa.

A tsakiyar Satumba, wata safiya, na ga abin da nake tsoro. A kan shukokin tsakiyar gona wasu 'yan ƙulli-ƙulli sun fito, ƙanana kamar ƙwayar gero. Fure ke shirin buɗewa. Na kira mutumin Yola, ya ce, "Kwana biyar gare ka, in ka yi sa'a bakwai. Ka yanke duka yanzu."

Yanke duka ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai an yanka, an kwaso, an zage ganyen daga kara da hannu, sannan a baza shi siriri a kan tabarma a inuwa, a riƙa juyawa. In aka tara shi tuli ya kwana sai ya yi zafi ya baƙe. Ga ruwa bai ɗauke ba, ba a isa a shanya a ƙarƙashin bishiya ba. Tun farko lissafina a kan gayya yake: in kira unguwa rana ɗaya a yanke, mata su zage, kowane gida ya ara mini zaure ko rumfa na kwana huɗu. Haka muke yi wa juna a gyaɗa da masara, ba a taɓa kiran gayya a gidanmu an rasa hannu ba.

Na bi gida-gida na faɗa. Kowa ya ce Allah ya kai mu. Matata ta tashi da wuri ta dama kunun gyaɗa a babbar tukunya, ta dafa shinkafa da wake. Na kwance wayar ƙofar shingen na tsaya da lauje ina duban hanya. Rana ta fito. Rana ta ɗaga. Mutane suna wucewa zuwa gonakinsu, wasu su ɗaga mini hannu daga nesa. Wajen hantsi na hango mutum ɗaya tafe da lauje a kafaɗa. Hamma ne. Ya shiga ya kama layi. Mu biyu muka yini, ga tukunyar kunun mutum talatin tana kallonmu. Da yamma matata ta rarraba abincin a maƙwabta, wasu gidajen suka dawo da kwanon yadda ya je.

Abin da muka yanka a ranar ya cika zaurenmu da ɗakin Hamma da rumfar Baba, kuma ko kashi ɗaya cikin biyar na gonar bai kai ba. Babu sauran wurin shanya. Na je wa maƙwabcinmu na dama neman zaurensa, ya ce wallahi gyaɗa zai zuba. Na leƙa, zauren wayam. Na hagu ya ce sai ya tambayi matarsa. Matarsa tana cikin ukun nan da suka tsaya a hanya.

Kwana uku na ƙara ina taurin kai. Kullum da safe in je in murza ƙullin furen da yatsa in ji ko ya fara sakewa. Na gwada shanya wani a ɗakin kwananmu, ƙamshin ya hana yara numfashi, matata ta kwashe su ta koma ɗakin kakarsu, kishiyar mahaifiyata. Wani da na tara a buhu ya kwana ɗaya ya yi baƙi kamar an dafa shi. A rana ta huɗu Hamma ya ajiye laujensa ya ce, "Kai ne mai difloma, amma ni ban ga abin da za mu yi da wanda muke yankawa ba. Ka san ƙofar da za ka je."

Na je. Ban tafi da zane ba, ban tafi da komai ba. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, jikar tata tana zaune kusa da ita, ta rame amma tana wasa. Na cire takalmi na durƙusa. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne, "Mama, na yi laifi."

Ta ci gaba da ɓara har ta gama wadda ke hannunta.

"Uwarka ya goya ka, ni ma na goya ka," ta ce. "Ba komai. Amma ka zo don ni ne, ko don zaure?"

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Duka biyun, Mama."

Ta yi 'yar dariya. "To ka faɗi gaskiya. Je ka cire ƙayan."

A yammacin na janye shingen, ni da Hamma. Washegari kafin rana ta fito mata sun fi ashirin a gonar, maza na biye da lauje. Zaure bakwai aka buɗe mini. Sai dai da muka shiga tsakiyar gonar, hannu na taɓa shuka sai gari rawaya ya tashi. Furen ya buɗe a cikin kwana biyun nan, ganyen ƙasa ya fara bushewa a kara. Na tsaya a tsakiya, rigata duk ta yi rawaya, ina kallon mutanen da suka bar aikinsu suka zo.

Layi ukun bakin hanya ne kawai suka tsira. Waɗanda aka yi ta karya wa kai, su ne suka yi rassa suka cika suka yi duhu, kuma ko alamar fure babu a jikinsu. Na karanta wannan a makaranta, cewa cire kan shuka yana sa ta yi reshe. Har jarrabawa na rubuta a kai. Da su da abin da muka yanka ni da Hamma, da aka bushe aka tattara, buhu biyu da rabi aka samu.

Na kira mutumin Yola duk da haka. Ya ce, "Oga, ai na gaya maka tun a keke." Na yi ta kai ganyen kasuwar Mubi wajen masu sayar da sassaƙe, mudu-mudu, har ya ƙare. Masarar da na saya da shi, da aka zuba a rumbu, ko gwiwar Baba ba ta kai ba. Ya leƙa, ya sauko daga tsani, ya ce, "Ka dai ji sharaɗin da muka yi da kai." Na ce na ji. Ban roƙe shi ba. A wannan shekarar daga gonar Hamma ta kan tudu gidanmu ya ci, ni kuma na koma Lokuwa na karɓi makullin wani keken.

Da damina ta zagayo Hamma ya shuka masara a gonar. Amma furen nan da ya kashe ni ya zubar da iri, tazargade ta fito da kanta a bakin hanya, jere, har gangaren mayo. Hamma mutum ne mai feshin maganin ciyawa, ko tsinke ba ya bari a gonarsa. Da ya zo wajen sai ya ɗaga bututun ya wuce.

A watan Agustan wannan shekarar 'yata ta biyu ta kwanta da zazzaɓi. Muka kai ta asibiti aka ba ta magani, amma uwarta ta ce hankalinta ba zai kwanta ba sai an haɗa mata da ganyen, ita kuma ga goyo. Da na idar da sallar asuba na ɗebi dawa a aljihu na fita. Na tsuguna a gindin wata shuka a gonar da ta kusa zama tawa, na zuba dawar, na karya kai uku.

Ina juyowa na ga Mama tafe da sanda, za ta mayo. Hanyar siririya ce, babu inda zan kauce. Ta matso har ta gane ni, ta dubi hannuna, ta dubi fuskata. Sai ta tsaya a tsakiyar hanya ta gyara tsayuwa.

"Ɗana, ina kwana?" ta ce da ƙarfi. "Ya gida? Ya yara? Ba ka gaisuwa ne yau?"

Na ɗaga mata ganyen. Idona ya cika da ƙwalla, bakina a rufe. Ta bar ni a haka na ɗan lokaci, sannan ta ja sandarta ta koma cikin masarar Hamma, ta ba ni hanya.